Hanyar da Baba Bai Rubuta Ba

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Tsohuwa ta yi fure. Shekara tara muna yi mata hidima kamar surukar da ba ta san godiya ba, sai yau ta ga dama. Dausin abokin aikina ne ya fara gani, ya zo har ɗakin kwalabe, inda muke rainon ƙananan tsirrai, yana haki, wai in ajiye komai in fito in ga amarya. Na ƙirga sau uku. Kai sittin ne a jikin kara ɗaya, uku na ƙasa sun buɗe.

Dakta Wong, mai kula da aikinmu daga birni, ta ce a waya in buɗe sabon littafi, in riƙa rubuta adadin da ya buɗe kowace rana, in kuma sa bayani a shafin farko saboda wanda zai zo bayanmu. To ga bayanin. A cikin duk tukwanen birin da muke raino a lambun nan, wato tsirran nan masu tulu a bakin ganye da ke haɗiye ƙwari, irin Tsohuwa ba a san shi ko'ina ba sai a kwazazzabo ɗaya bayan ƙauyenmu. Girgizar ƙasa ta zaftare kwazazzabon. Babana Lasimin ne ya tono ta daga cikin laka, ya goyo ta a kwando, ita kaɗai ce macen da ta rage. Mun yanki reshenta mun dasa har goma sha ɗaya sun kama, amma duk ita ce, mace kan mace. In garin furen namiji bai taɓa furenta ba, babu iri. Namijin ɗaya ne, yana can sama cikin daji, a wannan watan yake fure. Baba ya san inda yake.

Mun rufe karan da jakar raga kada ƙuda ya kawo mata garin wani. Kowane fure kwana biyar ko shida yake jira, sai ya bushe.

Saura hamsin da bakwai.

Talata, 7 ga wata, bayan magariba

Na gaya wa Baba muna cin abinci. Ya ajiye cokali ya yi ta murmushi, har ya ƙara shinkafa. Na ce yaushe za mu hau? Ya ce gobe. Can ya ce a'a, jibi, gwiwa tana damunsa.

Shekara biyu ke nan da ya ajiye aiki, amma kullum da safe sai ya zo lambu da gashin kazarsa a aljihun riga. Da shi ya yi shekara talatin yana shafa wa furanni gari. Dakta ta taɓa kawo masa burushi daga birni, ya ba Dausin ya riƙa share kunne.

Wanda zai karanta wannan zai ce me ya sa ba a rubuta inda namijin yake ba. Dalilin shi ne, tun ina makaranta wani mai bincike ya sa taswira a cikin rahotonsa, kafin wata ya zagayo ɓarayi sun haƙe tsiro ashirin da biyu daga wurin. Tsiro ɗaya sai ya yi ringgit dubu, kuɗin ƙasarmu, a hannun masu tarawa. Tun daga ranar Baba ya rantse wurin tsiro ba zai sake hawa takarda ba, a ka za a riƙe shi. Duk muka ce ya yi daidai. Ni ce ya kamata ya nuna wa. Duk shekara sai ya ce in zo mu je, ni kuma in ce akwai kwalabe, akwai baƙi, sai baɗi.

Saura hamsin da huɗu.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mun fita da sassafe ni da shi, da shinkafa naɗe a ganye da busasshen kifi. Mun wuce gonakin kabeji lafiya, yana gaba yana ba ni labarin kowane kututture. Da muka kai inda rafi ya rabu biyu sai ya tsaya. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya cire hula ya mayar. Na zauna a kan dutse na yi kamar ina gyara takalmi, don kada ya ga ina kallonsa.

Ya ce, "Siah, ruwa zai sauko. Mu koma."

Na ce, "To, Baba."

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ba a yi ruwa ba.

Juma'a, 10 ga wata, bayan azahar

Wannan littafin ba zai je hannun Dakta ba. Zan sayi wani in kwafe mata lambobi kawai.

Wata huɗu ke nan da muka je wurin likita a gari. Abin da ya faɗa ba zan rubuta shi ba. A hanyar dawowa, cikin motar haya, Baba ya riƙe mini hannu ya ce, "Kada ki gaya wa kowa. Ko Gwaggonki. Musamman ma Gwaggonki." Na yi masa alkawari. A lokacin ina ganin abu ne na manta makulli da sunayen jikoki, ko kusa hankalina bai kai kan namijin ba. Wallahi haushin kaina nake ji.

Saura arba'in da biyar.

Lahadi, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na ce wa Dausin gwiwar Baba ta kumbura, mu je mu biyu, wai Baba ya kwatanta mini. Mun bi rafin dama har inda ya zama tsalle-tsallen duwatsu. Awa bakwai. Mun ga tukwanen biri kala uku, duk irin na gama-gari. Matsattsaku goma sha huɗu na cire daga ƙafata, Dausin ya ce nasa ashirin, amma shi ko kifi ya kama sai ya ƙara masa tsawo.

Muna zaune muna cin guzuri ya ce, "Shugaba, amarya ta yi lalle, ango ya shiga daji. Anya Kawu ya kwatanta miki da kyau?"

Na ce, "Ci abincinka."

Ya ce, "Ina ci." Da muka sauko ya karɓi jakata, abin da bai taɓa yi ba shekara goma sha biyu muna aiki tare.

Saura talatin da tara.

Talata, 14 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Yau ya tashi garau. Na same shi a tsakar gida yana wasa adda, har da 'yar waƙa. Na zauna kusa da shi na ce, kamar da wasa, "Baba, in da ni kaɗai zan je wurin ango, ta ina zan bi?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ai da sauƙi. Ki bi rafi har bukkar Gimbang. Ki juya wa babban dutse baya. Ki hau har inda ɓauna ta faɗa, yana nan ƙarƙashin wurin, ya naɗe wata bishiya mai karkata."

Na ce, "Wane rafin, na dama ko na hagu?"

Ya ce, "Wanda ya bi ta bukkar Gimbang mana."

Na ce, "Ina bukkar take?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina hancina yake. Sai kuma fuskarsa ta yi abin nan da take yi. Ya ajiye adda ya ce ko na ga hularsa. Tana kansa.

Na tambayi Dausin, na tambayi liman, na tambayi mai shagon taki. Babu wanda ya san wani Gimbang. Liman ya ce sunan mutanen da ne.

Saura talatin da uku.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Bari in rubuta.

Na makara saboda na biya kasuwa. Dausin yana can baya yana gyaran bututun tankin ruwan sama. Da na shigo ƙarƙashin baƙar raga sai na hango jakar Tsohuwa a rataye a jikin ƙusa, an ninke ta tsaf. Baba yana tsaye a kan benci da gashin kaza a hannu, bakin gashin ya yi rawaya.

Ya ce, "Kin makara, Siah. Na gama miki. Ba a barin mace ta yi ta jira."

A ɗaya hannun yana riƙe da karan fure da ya karyo daga layi na uku. Namijin bakin hanya ne, irin wanda ke fitowa a kowace gangara, wanda muke ajiyewa don nuna wa 'yan makaranta. Duk furen da ya buɗe ya shafa masa, ɗaya bayan ɗaya, da irin tsabtar aikin nan tasa. Abin da zai fito ruwa biyu ne, ba irin Tsohuwa ba. Ga masu bincike ba shi da amfani, in ma ya gauraya da na gaskiya ɓarna ce.

Ko zare bai ɗaura ba. Shi da ya kafa dokar a lambun nan: duk furen da aka shafa wa garin namijinsa na asali a ɗaura masa jan zare nan take, wanda ba shi da zare kuwa a yanke shi ko na wane ne. Ina shekara goma sha ɗaya ya sa ni kuka a kan zaren nan.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Na riƙe shi ya sauko daga benci. Na mayar da jaka na ɗaure ta da ƙulli uku. Daga nan na shiga ɗakin kwalabe na rufe ƙofa.

Talatin ne suka buɗe zuwa yau. Saura talatin da bai taɓa ba, don ba su buɗe ba.

Alhamis, 16 ga wata, da safe

Ban gaya wa Dakta ba. Saura ashirin da bakwai.

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Rafin hagu yau, ni da Dausin. Babu komai sai ƙaya da gora. Ya zame ya fasa gwiwar wando, ya ce zai kai ƙarar ango wurin mai gari.

Ya ga karyayyen karan a layi na uku tun ranar Laraba. Bai tambaya ba. Ya dai ɗauke duk mazan da ke fure ya kai su bayan ɗakin ajiya ya sa kwado, ya ce wai rana ta yi musu yawa a can.

Dakta ta kira ta ce yaya batun garin namijin? Na ce ruwa ya hana mu hawa. Ta ce ita ta duba, ba a yi ruwa a wajenmu ba. Na ce a sama ake yi. Ni da ban iya ƙarya ba, ga shi ina yin ta kullum kamar shan shayi.

Saura ashirin da ɗaya.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe tara na safe

Sun kama. Goma sha bakwai sun fara kumbura, sauran sun bushe.

Ya kamata in yanke su tun ranar. Na sani. Suna shan ƙarfin karan, kuma Tsohuwa ba yarinya ba ce. Na ɗauki almakashi sau biyu na mayar.

Abin da ya hana ni shi ne wannan. Yanzu Baba ba ya jira in tashe shi. Kafin in idar da sallah ya sa takalmi. Ya kawo kujerarsa ta roba ya ajiye gaban Tsohuwa, yana leƙa su ta cikin raga yana ƙirgawa. Jiya ya manta ya ci abincin rana, ya manta sunan matar Dausin, amma goma sha bakwai ɗin nan bai manta su ba. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Zo ka ga jikokina." Rabon da in ji dariyarsa haka tun Inna tana da rai.

Tausayinsa nake ji. Haushinsa ma ina ji, kuma ina jin kunyar hakan.

Saura goma sha biyu.

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe uku na rana

Dakta ta zo babu sanarwa, awa biyu da rabi tana tuƙi daga birni. Baba ne ya tare ta ya ja ta wurin jikokinsa. Ta dafe ƙirji, ta rungume shi, ta fara ɗaukar hoto. Sai na ga ta matsa kusa, ta sunkuya, ta daɗe tana dubawa. Zare take nema.

A ɗakin kwalabe ta ce, "Norsiah, wane namiji ne?"

Na ce, "Layi na uku."

Ta ce, "Wa ya shafa?"

Na ci gaba da jera kwalabe. Ta leƙa ta taga. Baba yana can yana nuna wa Dausin 'ya'yan, karo na uku tun safe. Ta cire tabarau ta goge, ta daɗe tana gogewa.

Ta ce, "Mahaifiyata sai da ta kai tana dafa shinkafa sau huɗu a rana. Muna ci, me za mu yi." Sannan ta ce, "Amma dole a yanke su. Kin fi ni sani."

Na ce ta ba ni kwana goma. Ta ce furen ba zai ba ni kwana goma ba. Na ce na 'ya'yan nake nufi. Ta ce to.

Ban karya alkawari ba. Ban faɗi komai ba, ita ta gani.

Saura shida ba su buɗe ba.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na ƙarshe ya buɗe. Daga yau ba buɗewa zan riƙa ƙirgawa ba, bushewa ce.

Dausin yana wanke tukwane ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shugaba, in ana neman sunan mutanen da, ai tsohuwa ake tambaya. Gwaggonki Sondiam ta ba Kawu shekara shida."

Na ce, "In na tambaye ta za ta ce me ya hana in tambayi ƙanenta."

Ya ce, "Za ta ce."

Lahadi, 26 ga wata, bayan la'asar

Na je. Na same ta a ƙarƙashin gida tana yanka tuhau, karan wani tsiron daji dangin citta, za ta jiƙa da barkono, warin ya cika wurin. Ko gaisuwa ba ta bari na gama ba.

Ta ce, "Ke 'yar nan, kin rame kamar tsinken tsire. Ciyayin naku ba sa ba da abinci ne? Zauna ki riƙe mini kwano."

Na riƙe. Na ce, "Gwaggo, kin san wani Gimbang?"

Wuƙar ta tsaya. Ta ce, "Wa ya tono Gimbang? Mutumin da ya mutu tun uwarki ba ta yi wayo ba."

Na ce ina neman inda bukkarsa take, da inda ɓauna ta faɗa.

Ta ce, "Ubanki ya sani. Je ki tambaye shi."

Sai hawaye suka zubo mini, a cikin kwanon mutane. Ta janye kwanon ta ce kada in ƙara masa gishiri. Ta ci gaba da yanka. Can ta ce, "Ranar babbar sallah ya kira ni da sunan mahaifiyarmu. Sau biyu. Kina zaton ban san ƙanena ba? Ni na goye shi. Jira nake in ga yaushe ɗayanku zai sauke girman kai ya zo."

Na ce, "Ya sa na yi alkawari."

Ta ce, "Ya sa ki. Tun yana yaro haka yake, in ya fasa tulu sai ya ɓoye ɓaraguzan a ƙarƙashin tabarma ya zauna a kai."

Sannan ta gaya mini. Bukkar Gimbang tana inda babban tankin masu kabeji yake yanzu. Rafin da ke bi ta wurin ba na dama ba ne ba na hagu ba, na uku ne, girgizar ƙasa ta toshe shi ya ƙafe, ciyawa ta rufe bakinsa. Shi ya sa muka yi ta yawon banza. Ɓaunar kuwa ta babansu ce, kuma ita Gwaggo ce take kiwonta ranar da ta zame ta faɗa rami, don ta tsaya hira da ɗan Gimbang.

Ta ce, "Dukan da na sha ranar, ko kabarina aka tona zan nuna miki wurin. Akwai farin dutse mai tsagewa a tsakiya. Ƙasa da shi ne ramin."

Da zan tafi ta cika mini kwalba da tuhau ta ce, "Gobe zan zo in zauna da shi. Kada ki ce masa komai, zan ce faɗa na zo yi."

Goma sha biyu ne ke da sauran danshi.

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ruwa tun asuba, kamar da bakin ƙwarya. Ƙaryar da na yi wa Dakta ce ta biyo ni. Ba a hawa.

Gwaggo ta zo cikin ruwan da lema. Suna can suna musu a kan wanda ya ɓatar da addar babansu shekara sittin da suka wuce.

Tara.

Talata, 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Mun same shi.

Mun bi bayan tanki muka sare ciyawa, ga tsohon rafin nan a bushe, duwatsu a jere. Muka juya wa babban dutse baya muka yi ta hawa cikin santsi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Dausin ya ce, "Shugaba, ga farin dutsenki." Muka sauka ramin da igiya. Bishiya mai karkata tana nan, shi kuma ya naɗe ta har sama, tulunansa ja-ja sun fi na Tsohuwa girma, kowanne da ruwa a ciki. Dausin ya cire hula ya ce, "Ango, ka wahalar da mutane."

Kara uku ya yi. Biyu sun bushe ƙurmus. Na ukun ma ya kusa, sai can ƙoli 'yan furanni biyar da sauran rawaya. Na karkaɗe su a takardar azurfa, Dausin ya tare mini iska da rigarsa. Abin da na samu bai cika kan farce ba. Na ninke na sa a cikin riga.

Da zan juya na ga abu a jikin bishiyar. Gashin kaza ne, an soka su cikin gansakuka a jere, wasu sun ruɓe saura ƙashin. Ashe duk shekara in ya zo duba shi sai ya bar ɗaya. Na ƙirga. Bakwai. Ban da na bana da ba a sa ba, ya kamata su zama takwas. Bara ya fita da asuba ya dawo da yamma da laka har gwiwa, ya ce mana ango yana nan lafiya. Ashe bai iso ba. Yini guda yana yawo shi kaɗai a dajin nan yana nema, ya dawo bai gaya wa kowa ba, ni kuma na zuba masa abinci na ci gaba da wanke kwalabe.

Na zauna a cikin laka na yi kuka sosai. Dausin ya tafi can gefe yana duban wani ganye da ba shi da abin dubawa.

Mun yanko reshe biyu na dasawa. Mun iso lambu ƙarfe biyar saura. Shida ne ke da danshi, can ƙolin kara. Na shafa musu, na ɗaura wa kowanne jan zare, na mayar da jaka.

Hanyar ban rubuta ta yadda baƙo zai gane ba, kuma littafin nan a akwatina zai zauna. Amma yanzu kai biyu ne suka sani, kuma na ce wa Dakta ta sayi takalmin roba, wata mai zuwa za ta hau ko tana so ko ba ta so.

Juma'a, 31 ga wata, da safe

Ba abin da ya nuna tukuna. Baba ya tambaye ni yaushe za mu hau wurin ango. Na ce sai gwiwarsa ta warke.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Huɗu sun kama. Biyu sun bushe. Huɗun ƙanana ne, ga goma sha bakwai a ƙasansu sun yi ɓul-ɓul suna shanye komai kafin ya kai sama. Kwana goman da na roƙa sun wuce tun shekaranjiya.

Na yi niyyar in riga shi zuwa, in yanke, in ce ɓera ne. Na zo ƙarfe shida da almakashi a aljihu, na kwance jaka. Sai na ji jan kujera a bayana. Gwaggo ce ta rako shi, ta tsaya daga bakin ƙofa.

Yau idonsa garau yake. Ya matso ya sa tabarau. Ya fara daga sama, ya taɓa jan zaren da ɗan yatsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya sauko ƙasa. Ya daɗe a wurin.

Ya ce, "Waɗannan ba su da zare."

Na ce, "E, Baba."

"Wane namiji?"

"Layi na uku."

Ya ce, "Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ce. Na rikice ne."

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake mini ina yarinya. Ya ce, "Siah, ƙarya ba ta taɓa yi miki kyau ba." Ya sake duban na saman. "Waɗannan fa? Kin je?"

Na ce na je. Na ce yana nan lafiya, ya kai ƙolin bishiya, ya yi kara uku.

Ya ce, "Uku." Ya gyaɗa kai. Sai ya miƙo hannu. Na yi kamar ban gane ba. Ya ce, "Yana aljihunki na dama, ina ganin kansa."

Na ba shi. Na riƙe masa karan, shi kuma ya yanke su da kansa, daga ƙasa zuwa sama, yana ƙirgawa a fili, suna faɗawa cikin hularsa. Hannunsa ko rawa bai yi ba. A na goma sha bakwai ya ɗan tsaya, sannan ya yanke. Ya miƙa wa Dausin hular ya ce a ƙone su, kada iska ta ɗauki ko ɗaya.

Daga nan ya zaro gashin kazar daga aljihun rigarsa, ya busa shi, ya soka mini a aljihuna. Ya ce, "Baɗi ki kai masa. Ina da na shekara ɗaya da ban kai ba, ki haɗa biyu."

Gwaggo ta ce daga ƙofa, "In kun gama, shayi yana hucewa." Ta kama hannunsa suka fita. Kujerar ya bari a wurin.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Ya dawo da la'asar ya zauna a kujerar. Ya leƙa cikin raga, ya ce mini ina jikokinsa, kamar sun fi haka yawa. Na ce waɗannan ne, Baba, masu jan zare. Ya ƙirga su. Ya ce wanda ya ɗaura zaren nan ya iya aiki, wa ya koya masa?

Huɗu.